Wa Zai Kai Magaji Farautar Gwanki?

Wata rana cikin makon jiya aka yi wata magana a wani gida, kuma tun daga ranar abinci bai ƙara yi min daɗi ba. In ɗora miya in manta gishiri. In ta da sallah hankalina ya tafi daji.

'Yan uwa, ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba. Ba zan faɗi garin ba, kuma sunan maigidan ba zai fito daga bakina ba. Mata sun gane dalili.

Mu dai ce da shi Maharbi.

A zamaninsa, in aka yi zancen farauta a yankin nan, shi ake nufi. Har gobe ƙahonnin gwanki na nan rataye a zaurensa, yaran unguwa na leƙowa kallo.

Wanda bai san gwanki ba, naman dawa ne da ya kusa kai doki girma, ga ƙaho a lanƙwashe. In ka harbe shi bai faɗi ba, kanka yake juyowa.

Maharbi yana da ɗa, Magaji, mai walda a birni. Duk sanda ya zo gida sa'o'insa sai sun tsokane shi: ɗan maharbi guda, ko zomo bai taɓa kayarwa ba. Abin ya ishe shi. Ya ce bana, da an gama girbi, zai shiga babban daji neman gwanki.

Zo ku ga murna wajen tsohon!

Ya sauko da bindigar tokarsa, ya goge ta da mai. Ya sa aka ɗinke tsohon burgaminsa, jakarsa ta fata, da ɓera ya ci. A ƙofar masallaci babu wanda bai ji ba: Magaji zai shiga daji, ni zan kai shi.

Ashe shi kaɗai yake lissafinsa.

A gaban wanzami ya ji labari. Aska na kan ƙeyarsa, ba damar motsi, wanzami ya ce masa ai ya yi dabara da ya bar wa Nomau jagorancin yaron, jiki ya tsufa sai hutu.

Nomau!

Nomau da ya tashi a zaurensa. Nomau da yake riƙe masa gorar ruwa, majina na zuba. Maharbi ne ya koya masa bambanta sawun jiya da na yau, shi ya koya masa bin iska don kada nama ya ji warin mutum. Yanzu Nomau ya zama ɗan jagora, mutanen birni na ɗaukarsa haya ya kai su daji ya dawo da su. Ga babur, ga waya ba ta daina ƙara.

Za ku ce to mene ne a ciki, ai aiki ne a biya shi ladansa.

A garinsu ba haka ba ne. Wanda ya ja ka farautarka ta farko ta babban nama, shi ne uban dawanka har ka mutu. Gidansa ake kai cinyar dama. Kuma duk ranar da ka miƙe za ka yi kirari a taron maharba, da sunansa za ka fara.

Nan abin ya soki Maharbi.

In ya rufe ido, Magaji yake gani tsaye a tsakiyar fili, kiɗa na tashi, ya ɗaga bindiga yana cewa, sai ni na Nomau! Shi kuma yana gefe a kan tabarma, cikin 'yan kallo.

Tun daga ranar gidan ya rikice.

Nomau ya zo wucewa ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da hanci. Ya fara ba da labarin da bai taɓa bayarwa ba, wai Nomau ya taɓa gudun gadu har ya bar takalminsa ɗaya a daji. Wai ƙarar babur ɗin Nomau ce ta kore namun yankin kaf. Matarsa ta kawo tuwo, ya ɗanɗana ya ture kwanon, wai ko ita ma a gidan Nomau ta koyo miyar?

Ita dai ta ɗauke kwanonta.

Don akwai abin da kowa a gidan ya sani, ba mai iya faɗa. Ciwon yanar ido ya rufe idon Maharbi. Kwanaki ya shigo tsakar gida ya tsaya yana yi wa turmi sannu da zuwa, don an yafa masa zane, ya ɗauka baƙuwa ce. Jikoki suka toshe baki suka ruga waje. An yi an yi ya je asibiti, ya ce shi ras yake gani.

Ranar Juma'a Magaji ya zo gida. Bayan an sauko masallaci uban ya kira shi zaure. Uwar ta laɓe a bayan ƙofa, ludayi a hannu.

"Magaji, na ji ka yi sabon uba."

"Subhanallahi, Baba! Jagora kawai na ɗauka. Ladan aikinsa zan ba shi."

"Cinyar fa? Ita ma a cikin ladan take?"

Magaji ya sunkuyar da kai.

"Wa ya koya wa Nomau daji?"

"Kai ne, Baba. Shi ya sa ma na neme shi. Hanyarka ya sani."

"To ga mai hanyar zaune a gabanka. Me ya rasa? Faɗa min, ina jin ka."

Magaji ya ɗago ya dubi idanun nan da suka yi fari-fari. Maganar ta zo masa har baki. Uwar tana bayan ƙofa tana cewa a ranta, faɗa masa, ɗan nan, don Allah faɗa masa.

"Bai rasa komai ba, Baba."

"To ka sallami Nomau."

"Na sallame shi."

Shi ke nan.

Maharbi ya ci nasara. Ranar ya cinye tuwonsa tas har da neman ƙari. Ya koma ƙofar masallaci yana faɗa da ƙarfi yadda na nesa zai ji, cewa ɗan halak ba ya barin ubansa ya bi bare.

Nomau bai yi fushi ba. Washegari ya tare uwar a hanyar rijiya, ya rage murya ya ce, Inna, rafin da Baba yake yada zango a bakinsa ya ƙafe tun tuni. Ruwa yanzu sai an kewaya bayan dutse, kuma hanyar ba ta da kyau. Ya ce ta san yadda za ta yi ta faɗa masa, amma kada ta ce daga bakinsa ta ji.

Ta gwada. Tana ambaton rafi, Maharbi ya ce, wa ya gaya miki? Bai jira amsarta ba. Ya ce ai ya sani, kuma ƙarya ne, baƙin ciki ne kawai don an hana shi cinya.

Magaji kuwa ya koma birni ya ƙarasa aikin da ke hannunsa. Bai taɓa kwana a daji ba. Ya dogara da uba, uban ya dogara da idon da babu.

Jiya da hantsi, rana tarwai, Maharbi yana zaune a tsakar gida yana gwada ɗurin bindiga. Ya daɗe yana juya ma'aunin albarushi a hannunsa. Ya kai shi kusa da fuska, ya nisanta shi, ya sake matso da shi.

Can ya waiga hagu da dama, ya tabbata ba kowa.

Ya kira matarsa a hankali, ya ce ta zo ta duba masa, albarushin nan ya kai bakin ma'auni ko da saura?

Tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya, bai taɓa bari ko inuwarta ta faɗa kan bindigar nan ba.

Ta duba. Ashe rabi ya zube a kan tabarma bai sani ba.

Darasi: Kishi ba ya tambayar ko za ka iya riƙe abin da kake ƙwacewa, shi dai kada wani ya samu. Kuma iyaye, mu ji tsoron Allah da biyayyar 'ya'yanmu. In yaro ya ce "to", ba kullum ne ya yarda ba, wani lokacin kunyarmu ce ta ɗaure masa baki, kuma da ransa zai biya.

Yanzu ga inda na tsaya, 'yan uwa. An kusa gama ɗaure dawa, tafiya ta matso.

In na ce wa Magaji ya fasa, ya karya alkawarin ubansa a idon gari. In na fito na faɗa wa tsohon abin da ɗansa ya kasa faɗa, ban san ko zai ƙara ɗaga kai ya dube ni ba. Zuciyata tana ce min in je in roƙi Nomau ya bi su a baya a ɓoye, daga nesa, ba cinya ba kirari. Amma mutumin nan, ko ido ya tafi, kunne na nan. Ganye ya motsa a bayansa sai ya san ko ƙafar wa ce.

Ku tura wa iyaye mata, ku tura wa duk wanda ya san daji, wataƙila a cikinsu akwai mai dabarar da ta fi tawa.

Ni dai ɗana nake so ya dawo da ƙafarsa. Don Allah, in ku ne, ya za ku yi?