Haƙorin Baba Nahantsi

Na yi shekaru ina ɗaukar hoton ƙashi da haƙori a wani asibiti da ke hanyar Rabah, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata cikin damina, da aka kusa cire wa Baba Nahantsi haƙorinsa na turmi na ƙarshe.

Baba Nahantsi masunci ne daga Goronyo. Turmi ɗaya ya rage masa a hagu, da shi yake tauna. Turmin ya yi rami, sabon likitanmu na haƙori ya cike masa. Mu a bayan ido Dokta Sai-Birni muke ce wa likitan, don ko tsintsiya ya gani sai ya ce ta birni ta fi.

Bayan wata biyu Baba ya dawo riƙe da kunci. Dokta ko leƙa bakin bai yi ba, ya ce mutanen ƙauye ne da cin goro da rake, a cire kawai. Ƙa'ida kuwa ba a cirewa sai an ɗauki hoto, sai aka turo mini shi.

Ga wanda bai san aikin ba: ciko fari fat yake fitowa a hoto, haƙori kuma toka-toka. In sun manne, babu komai tsakaninsu. In akwai yoyo, sai ka ga baƙin zare, ta nan miyau da ƙwayoyin cuta ke shiga. Na ɗauka ta fuska biyu, na ja layi a kwamfuta na auna. Zaren ya sauka amma bai kai jijiya ba. Wato haƙorin zai rayu, cikon ne na banza.

Na kai wa Dokta. Ya ce, "Injinka ne ya tsufa. Kai matakinka nawa da za ka koya mini aiki?"

Raina ya ɓaci. Baba ya matso ya ƙura wa hoton ido.

"Ɗana, mi ne na wanga baƙin zare?"

Na ce yoyo ne, Baba.

Ya juya ga Dokta. "Likita, ranar da kac cike shi babu wuta, abin busarwarku bai aiki. Bakina cike da miyau kal liƙa, kana duban agogo don motar Sakkwato. Mu ko jirgi ba mu liƙe shi sai mun jawo shi tudu ya sha rana."

Matan da ke aikin jinya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya. Dokta ya yi tari, ya ce dama yana da niyyar sake dubawa. Ranar aka kwashe cikon, aka jera auduga, aka busar, aka sake.

Da zai tafi, Baba ya tsaya bakin ƙofa. "In ka gaji da haƙora, taho Goronyo in koya ma liƙin jirgi. Sai dai can, in ka yi gaggawa kai ka nutsewa, ba wani ba."

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku riƙa auna zaren nan ko wa ya yi cikon. A wurinmu mai gaggawa ba ya nutsewa, mai haƙori ne ke nutsewa a madadinsa.