Illa Maɗori da Goran Yashi

Da an idar da sallar asuba a Tirmini, Malam Illa maɗori sai ya ɗauki karan dawa ya shiga wurin majinyata. Kafin gaisuwa, awo. Ya jera ƙafafun yaro, ya auna daga ƙugu zuwa dunduniya, ya yi wa karan tsaga. Haka yake tun kafin Nasara su shigo Damagaram.

Kowa ya san yadda ake ɗorin cinya a ƙasar nan. A ɗaure, ƙashi ya hau kan ƙashi, yaro ya tashi ƙafa ɗaya ta gaza, a ce haka Allah ya so. Wa ya ce Allah na son ragwanci? Shi Illa igiya yake ɗaurawa a ƙafar, ya bi da ita kan gwafa, ya rataya gora. Kullum ya ƙara yashi tafi ɗaya, nauyin na jan cinyar har ta cim ma 'yar'uwarta.

Mutanen Mirriya sun ga ɗorin Hadiza 'yar Mutari. Tana shekara bakwai ta faɗo daga kan rumbu, aka kawo ta ƙafar hagu ta gaza da yatsa uku. Kwana biyar yana zuba yashi, kara bai nuna ƙari ba. Ya jijjiga goran, ya dubi kakarta, Delu.

"Iya, goran nan ya koyi shan yashi ne?"

"To, kuka take, Malam! Kai ba ka da jika?"

"Bakwai gare ni, duk a miƙe suke tafiya. Kukan kwana arba'in ko ɗingishin shekara sittin, zaɓar mata."

Delu ta harare shi, ta kwance bakin zanenta, ta mayar da yashin da ta kwashe.

Baba Illa, kai ne wanda bai taɓa cewa "ya isa haka" ba sai kara ya yarda. Yanzu hannu ya fara rawa, ka zauna. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma 'yan lakwal, yaran makarantar boko, masu jiran likitan Nasara ya zo da dabara daga Faransa, Tirmini ba nisa. Ku je ku durƙusa ku karɓi karan nan tun mai shi na gani. Mai shakka ya tsaya bakin rijiyar Mirriya da hantsi. Hadiza za ta wuce da tulu a ka, cike fal, ko ɗigo ba zai zuba ba.