Bangon da aka toshe wa hanci

Kawuna magini ne, kuma shekara talatin da ɗoriya shi ke kula da tsohuwar ƙofar garinmu, wadda ta girmi kakan kakansa. Ba wanda ya ɗauke shi aikin. Damina na wucewa zai kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ya bar ta kwana bakwai ta jiƙu, sannan ya hau tsani ya yaɓe duk inda ruwa ya zaizaye. Matarsa kan yi mita wai bangon ɗakinta na tsagewa, shi kuwa yana can yana lallashin na gari.

Da garin ya cika ya batse, motoci suka fara gogar ƙofar, sai ofishin tsara birni ya ce titi zai kewaye ta, ita kuma a adana ta don baƙi masu yawon buɗe ido. Kawu har albarka ya sa musu. Bai san abin da suke nufi da adanawa ba sai da ya ga wani injiniya ya sauke buhunan siminti a gindinta.

"Yallaɓai, kada a shafa mata wannan," in ji Kawu. "Bangon ƙasa numfashi yake yi. In ya sha ruwa, rana ke fitar masa da shi. In ka rufe shi, ruwan zai rasa hanya, ya ci shi ta ciki."

Injiniyan ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, bango ai ba shi da huhu. Je ka huta, ka yi naka."

Suka shafe ta tas. Har indararon da ke zubar da ruwan rufinta suka toshe, wai yana ɓata hoto. Aka yi fenti, aka yanka ƙyallen buɗewa, aka tafa. Kawu ya koma bin bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, sautin na ƙara zama kamar na tulun da ba komai a ciki. Sau uku yana zuwa ofis. Aka ce ya kawo ƙorafi a rubuce. Na rubuta masa, sakatariya ta karɓa ta ɗora kofin shayinta a kai muna tsaye.

A damina ta uku, da tsakar rana, simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki ya kwararo, taɓo zalla. Rahoton ofis ya ce tsufa ne ya kayar da ita. Har yau ban manta ƙaryar nan ba.

Suka sake gina ta da bulo da rodi, suka yi mata fenti kalar ƙasa. Baƙi suka ƙi ɗaukar hoto, wai ta yi sumul da yawa. Sai ga injiniyan a ƙofar gidan Kawu, ko kunya babu.

"Baba, gwanintarka muke buƙata. Za mu sake shafe, kai kuma ka bi da yatsu kafin ya bushe, ya yi kama da aikin mutanen da."

Na ce, "Kawu, don Allah kada ka je."

"In ban je ba, wani zai yi shi a karkace," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Kwana uku yana jan yatsu cikin ɗanyen siminti, har fatar tafinsa ta sale. Mako guda bayan haka na wuce ta wurin, na tarar da mai yi wa baƙi jagora yana nuna musu sawun yatsun, suna ɗora nasu a kai ana ɗaukar hoto.

"Wannan ya haura shekara ɗari huɗu," in ji shi. "Irin waɗannan maginan sun ƙare, ba ko ɗaya da ya rage."

A lokacin Kawu na gida, hannaye biyu naɗe da tsumma, matarsa ke ba shi abinci a baki.