Farin Tabo a Cikin Kuncina

Da safe ne, ina tsugune a bakin magudanar gidanmu ina goga aswaki, harshena ya taɓa wani wuri a cikin kuncina na hagu, na ji kamar fata ta saluɓe. Na tofar, na ga jini kaɗan. Na shiga ɗaki na ɗauko madubi, na ja leɓena da yatsa. Wani farin tabo ne shimfiɗe daga dasashi har cikin kunci, gefensa ja zur. Na zauna a ƙasa.

Na san irin wannan farin. Ina ƙarama gwaggona da ke aure a Wurma ta zo gidanmu a Kurfi jinya, na ga tana buɗe baki tana nuna wa mata wani ɗan fari a gefen harshenta. Da aka kai ta asibiti aka ce ciwon daji ne, an makara. Ta bar tuwo ta koma koko, daga baya kokon ma ya gagara. Ba ta ga girbin shekarar ba.

Abin ya faro ne da ciwon haƙori. Wani haƙorin taunata ya yi kogo, yana zugi har cikin kunne. Kakata, wadda a ɗakinta na tashi, ta ba ni abin da ta saba bayarwa: ruwan ɗumi da gishiri in kuskure baki, da ƙwayar kanumfari guda in danne a kogon. Ita wajen wanke baki ba ta san komai ba sai aswakin bedi, wato dogon yaro, kuma haƙoranta har yau suna fasa goro. Na samu sauƙi kaɗan.

To amma a unguwarmu ba a zuwa dubiya hannu sake. Matar liman ta kawo bagaruwa ta ce in tafasa. Maƙwabciyarmu ta zo da jar kanwa. Wata ƙawar innata daga Rawayau ta ce in daka tafarnuwa in cusa a wurin, kada in cire ko da ta yi zafi, zafin shi ne aikin. Kowacce kuma washegari za ta leƙo ta ce, "Kin yi abin da na ce?" Ta yaya yarinya za ta dubi babbar mace ta ce a'a? Na yi karatu har na gama sakandare, amma babu darasin da ya koya mini wannan. Sai na riƙa yin duka, wani kan wani, don in iya amsa wa kowa da gaskiya.

Ranar da na ga tabon, ko kaɗan ban tuna da waɗannan ba. Gwaggo kawai nake gani. Na ƙi karyawa, na ƙi magana. Kaka ta same ni a bayan rumbu.

"Ke 'yar boko, mi ya same ki kike zaune kamar kazar da ruwa ya daka?"

Na buɗe mata baki. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Na jira ta yi mini tsiya kamar kullum, ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi tabon ba ni tsoro, don ita ce ta yi jinyar gwaggo, 'yarta ce.

"Ɗauko mayafinki," ta ce. "Wancan karon jira muka yi."

Muka shiga mota zuwa Dutsin-Ma. Damina ce, gero ya yi kai, ko'ina kore. Ina kallon gonaki ina lissafin ko zan ga an yanke shi. Kaka tana jan carbi, ɗaya hannunta a kan gwiwata. Matar da ban taɓa ganin ta taka asibiti don kanta ba.

Mun jima a kan benci kafin a kira mu. Likitan haƙorin ya haska fitila a bakina, ya taɓa wurin da auduga, ya shafa ƙasan haɓata da wuyana. Sai ya ce, "Malama, me kika sa a nan?"

Na ce kanumfari.

"Shi kaɗai?"

Na fara jerowa. Da na zo kan tafarnuwa da kanwa, Kaka ta saki carbi.

"La'ilaha illallahu! Ke miya kike haɗawa a bakin? Saura daddawa da kuka!"

Likita ya yi dariya, ni ban iya ba. Na ce masa gwaggona da haka ta fara. Ya daina dariyar, ya jawo kujera ya zauna daidai fuskata.

"Ki saurare ni. Wannan ƙuna ce. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fatar baki in ta daɗe a wuri guda, ga kanwa kuma a kai. Tabon daidai yake da inda kika riƙa cusa su. Ki tsaya a ruwan gishirin Hajiya da aswakinki, ki dawo in ga ya warke, mu cike kogon. Ba abin da kike tsoro ba ne."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake.

Kaka ta sunkuya tana laluben carbinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba, ko da yake ga shi nan kusa da ƙafarta. Ana kiran azahar a wani masallaci bayan katanga. Sai a lokacin na ji yunwa.