Hular da Ba Ta Ƙarasa Ba

Wata rana, ana saura mako guda a yi dogon hutu, na shiga Kasuwar Sabon Gari a Zariya sayen allura.

A shagon Malam Hudu mai zare na tarar da wata mata, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Har yau ban san sunanta ba.

Tana riƙe da hula. An ɗinke rabi, rabin kuma zanen biro ne kawai, har ya fara koɗewa.

Ta ce zare take so irin na jikin hular. Ta miƙa hannu ta ɗauko wani.

Malam Hudu ya ce, "Hajiya, ai wannan kore ne. Taki shuɗiya ce."

Ta yi 'yar dariya, ta mayar.

Sai ta juyo wajena da wata takarda. "'Yar'uwa, don Allah karanta min wannan, kada in manta da wani abu."

Rubutunta ne, mai tsabta, irin na malaman makaranta. A sama ta sa: Abubuwan da zan yi a hutun bana.

Shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Koyon saƙar rigar jarirai. Haddace izu biyu. Jera hotunan yara a albam. Ƙarasa hular Malam. Har abu goma sha huɗu.

Na ce, "Malama, wannan ai aikin shekara ne, ba na mako shida ba."

Ta ce, "Na shekara ashirin da shida ne. Duk hutu sai na rubuta, sai a kira mu duba takardun jarrabawa. In an gama, ga darasin hutu. Sai in ce baɗi."

"To bana fa?"

"Bana na yi ritaya."

"Alhamdulillahi. Ai sai ki bi su a hankali, lokaci ya zama naki."

Ta cire tabarau, ta goge shi da bakin mayafi.

"Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na dama ya riga ya tafi. Na hagun kuma, ya ce in yi abin da zan yi da shi kafin kaka."



Ta ce da hular za ta fara. Tun shekarar da ta haifi ɗanta na fari ta ɗauko ta, kuma duk Sallah sai maigidanta ya tsokane ta: "Malama, ina hulata?"

Malam Hudu ya zaɓo mata shuɗin da kansa. Ya zura mata zare a allura biyar, don kada ta sha wuya a gida.

Bayan an koma makaranta na sake zuwa shagon. Ga hular nan rataye cikin leda.

Malam Hudu ya ce 'yarta ce ta riƙo hannunta suka kawo. Ta ƙara ɗinki kamar faɗin yatsa biyu, duk ya sauka daga kan zanen. Ta roƙe shi ya ba masu ɗinkin hula su warware wajen, su ƙarasa.

"Ta ce kada in bari maigidanta ya san ba hannunta ba ne."

Cikin alluran biyar, huɗu ta dawo da su, da zarensu a jiki.

Na koma gida na buɗe jakata. Tawa takardar tana nan, abu tara. Ban taɓa ko ɗaya ba. Ni ma an kira ni duba takardu, na kuma je.

Darasi: Hutu yana dawowa kowace shekara, amma ba lallai ya same ki da idon da ya bar ki da shi ba. Yawancinmu za mu karanta wannan, mu ce haka ne, mu sake cewa baɗi.

Ki tura wa wata da kika san tana da abin da ta fara ta ajiye. Ko da mutum ɗaya ne, wataƙila ta ɗauko nata yau.