Attahir Da Ya Ce Kusa Ne

In ka je Balbeji ranar kasuwa, duba inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Za ka ga wani dattijo siriri mai baƙin rawani, zaune a kan jan babur kamar wanda aka ɗora dole. Shi ne Attahir. Samarin wurin suna ce masa Baba Raƙumi.

Shekara talatin ya yi yana duba wa zangonsu kiwo a kwarin Tarka. Idan bazara ta yi tsanani, shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, shi ne zai hau raƙuminsa ya bi wajen da aka ga walƙiya, ya dawo ya ce ruwa ya sauka wuri kaza, tafiyar kwana biyu ce. Bai taɓa kuskure ba. Amma shekara biyu a jere yana isa ya tarar masu babur sun riga shi, sun kirawo nasu a waya, dabbobinsu sun share tsiron tas. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Sai ya ja raƙumin zuwa kasuwar Tanut, ya dawo da babur a bayan mota. Matarsa Kaltuma ta dubi abin sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya sa ya san hanyar rijiya."

Idrisa, makanike a Balbeji, shi ya koya masa hawa. Koyon tsufa kuwa sai an sha dariya. Ranar farko da babur ya fizge shi, sai ya ja kan da ƙarfi yana yi masa tsawa, a zatonsa akala ce a hannunsa, suka ƙare cikin ƙaya shi da babur ɗin. Rana ta biyu salansa ta gasa masa ƙwauri. Ta uku jelar rawaninsa ta shiga sarƙa, sai da aka sa wuƙa.

"Baba Attahir, daina kallon tayar gaba," in ji Idrisa. "Inda idonka ya kalla, nan za ka. In rairayi ya riƙe ka kar ka lallaɓa, ba shi wuta. Birkin hannu kuma ba naka ba ne a cikin yashi, sai in kana marmarin cin ƙasa."

Ya riƙe duka. Ya koyi rage iskar taya kafin shiga tudu, ya koyi cusa jelar rawani cikin riga. Kafin wata biyu yana ratsa daji ba faɗuwa. Kuma a faɗi gaskiya, dattijon ya ji daɗin abin, har an taɓa jin yana waƙa a kai.

A shekarar ruwa ya makara. Shanu ashirin da bakwai suka rage masa, cikinsu har da wata tsohuwar jar saniya da uwar Kaltuma ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Rijiyarsu tana ba da ruwa kaɗan-kaɗan, amma ciyawa babu ko ta sakace. Da aka ga walƙiya wajen arewa, Attahir ya tashi bayan sallar asuba. Ya sami tafki cike, tsiro kore shar, ba sawun kowa. Kafin azahar ya dawo yana murna, wannan karon shi ya riga kowa.

Kaltuma ta tambaye shi, "Da nisa?"

"Kusa ne," ya ce. "Ga shi na je na dawo, ko ƙishirwa ban ji ba."

Ba ƙarya ya yi ba, shi ne abin takaicin. Duk rayuwarsa da jikinsa yake auna hanya: ciwon ƙugu, bushewar maƙogwaro, yawan tudun da raƙumi ya hau yana nishi. Ranar ba abin da ya yi masa ciwo. Idonsa kuma yana can gaba kamar yadda aka koya masa, bai ƙirga tudu ba, bai lura da faɗin faƙon da ya ratsa a guje ba, wanda babu inuwa babu rijiya a cikinsa. Idrisa bai yi masa wannan karatun ba, don shi ma bai taɓa kora saniya ba.

Shi da Kaltuma suka bar rijiya, suka kora shanu. Kwana ɗaya, kwana biyu, ruwan salka ya ƙare, ba alamar tafki. Attahir ya shiga kai-komo da babur, yana ɗebo jarka biyu daga can. Jarka biyu me za ta yi wa shanu ashirin da bakwai? A rana ta uku mai ya ƙare, babur ya tsaya a tsakiyar faƙo. Shanu suka fara kwanciya. Ramammiyar saniya in ta kwanta ba ta tashi da kanta, sai an ɗaga ta da wutsiya, su biyu kuma ƙarfinsu ya ƙare. Daga nan aikin Attahir ya koma bin su da wuƙa, yana yankawa don kada su mutu mushe. Da aka zo kan jar saniyar, Kaltuma ce ta riƙe mata kai da kanta.

Shanu huɗu suka isa tafkin, a rana ta biyar. Ciyawar tana nan kore shar yadda ya faɗa, ta ishi garke goma. Kaltuma ba ta ce masa uffan ba, a ranar ko bayanta, shi kuwa ya gwammace ta zage shi.

Huɗun suna cikin garken wan Kaltuma yanzu. Su kuma sun dawo bakin gari, tana yi wa mutane surfe, shi yana kabu-kabu. Hawa kam ya iya, mata masu goyo shi suke nema, don bai taɓa kayar da kowa ba. Sai dai ba ya waƙa, kuma in hadari ya haɗo ba ya ɗaga kai.

Kwanan baya wani baƙo ya hau bayansa, ya ambaci wani ƙauye wajen Olelewa, ya ce, "Baba, da nisa?"

Attahir ya dubi hanyar. Can ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Da can na sani." Ya buga babur, suka tafi.