Buta ta Huɗu a Shagon Inna Sau-lin

Ka taɓa ganin mutumin da magani ya kusa kai shi kushewa, kuma matarsa ce ke dafa masa da hannunta, don tsabar so? Inna Sau-lin ta gani, a cikin gidanta.

Tun tana budurwa take sayar da shayin sanyaya jiki a bakin wani lungu a birnin Foshan na ƙasar Sin. Butoci uku ne na tagulla kullum a kan wuta: mai ɗaci, mai ɗaci sosai, da wanda ko 'yan dako sai sun runtse ido. Mace ce mai zafin nama, ba ta san zama ba. Ciwo kuwa a wurinta iri ɗaya ne. Ƙurji? Zafi ne. Tari? Zafi ne. Ka yi faɗa da surukarka? "Suya ka ci da yawa, ungo shanye."

Sai mijinta Bing-kuen, mai gyaran keke, ya fara lalacewa. Bakinsa ya cika da ƙuraje, kumatunsa suka yi jawur. Wannan ai ko yaro ya san zafi ne. Ta ba shi na butar farko. Shiru. Ta koma ta biyu. Zawo ya kama shi, abinci ya fita ransa, wando ya fara zame masa. Ta koma ta uku.

"Tsohuwa, ƙafafuna fa kamar ƙanƙara," in ji shi.

"Ƙafa ke ciwo ko baki? Shanye, kar ka bar min ko ɗigo."

Ranar da ya zube a ƙofar shago da keken mutane a hannu, ta ja shi sai gaban Likita Tam, mai maganin gargajiya na unguwar. Likitan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ya ce ya fito da harshe. Harshen fari fat, a kumbure, ga shatin haƙora a gefe.

"Me yake sha?"

"Shayina mana," ta ce tana ɗaga kai. "Safe da yamma."

"Uwargida, saura kaɗan ki kashe wutar cikinsa."

Ta saki baki. Ita? Ita da unguwa guda ke layi a ƙofarta?

"Kin fi ni sanin ganyenki," in ji likitan. "A wurinmu kowane magani da halinsa: mai sanyi, mai sanyi-sanyi, mai ɗumi, mai zafi. Naki sanyi ne da ɗaci, shi kuwa ɗaci ƙasa yake kora abu. Cikin mijinki ya yi sanyi har ɗan garwashin da ya rage ya rasa wurin zama, ya gudo sama. Shi kika gani a fuskarsa, kika bi shi da ruwa."

Ya auna ɓawon kirfa da busasshiyar citta, ya haɗa da wasu saiwoyi.

"Citta? Ga mai ƙurajen baki? Likita, ai gara ka ce in kunna masa ashana!"

Bing-kuen ya yi gyaran murya. "Ashe shi ya sa nake jin daɗi in na sha madarar citta wurin Ah Fong."

"Wace Ah Fong? Ta tsallaken titi? Wadda nake cewa tana ƙona hanjin mutane?" Ta dafe ƙirji. "Tun yaushe, munafukin tsoho?"

"An ɗan jima."

"Ki je ki gode mata," in ji likitan. "Ita ta riƙe miki shi."

Ta koma gida ta dafa maganin, tana jiran ta ga bakinsa ya kama da wuta. Bai kama ba. Zawon ne ya fara tsayawa, ƙafafu suka yi ɗumi, ƙurajen suka bushe. Ran da ya miƙo kwanon shinkafa a ƙara masa, ta juya baya ta share ido da gefen riga.

Yau butoci huɗu ne a shagon, ta huɗun ƙamshin citta take. Kuma ba ta zuba wa kowa sai ya fito da harshe, ko da shugaban unguwa ne. "Buɗe, ɗan nan, ba kyanka zan duba ba."

Kai ma gobe da safe, kafin ka sa komai a baki, tsaya gaban madubi ka fito da naka. Duba launinsa, duba gefensa, ka taɓa ƙafarka ka ji, kafin ka raɗa wa ciwonka suna.